Amsa ga ƙanena a Jos kan sana'ar acca da shirin karatu a Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Hajiya da sauran 'yan gida suna lafiya. Saƙonka ya iso ni, na kuma fahimci cewa kana son ka yi rajistar kamfani da kuɗin gadonka, ka riƙa sayen acca a ƙauyukan Filato kana gyarawa kana ƙullawa a leda, sannan idan ka samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila ka riƙa sayar wa shagunan 'yan Afirka, ribar ta ɗauki nauyin karatunka. Acca kaya ce mai daraja kuma tana da masu nema. Abin da ya dame ni shi ne ka sa rajista a gaba, alhali har yau ba wanda ya ciro kuɗinsa ya sayi ko mudu ɗaya a hannunka.

Akwai abin da ya wajaba ka sani tun yanzu, domin shi kaɗai ya isa ya sauya lissafinka. Bizar ɗalibi a Birtaniya ba ta yarda mutum ya yi kasuwancin kansa ba. An amince ɗalibin digiri ya yi wa wani aiki na awa 20 a mako lokacin karatu, amma idan ya shiga kai kaya shaguna yana karɓar kuɗi da sunan sana'arsa, ya karya sharaɗin bizar, kuma ana iya soke ta. Sai bayan ka kammala, idan ka samu bizar da ake ba waɗanda suka gama karatu, sannan doka za ta ba ka wannan dama. Ƙari a kan haka, kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a asusu, kuɗin da ke kwance a banki kuwa ba zai zama jarin da ke juyawa a kasuwa ba. Ka tuna kuma da abin da ya faru bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. 'Yan Najeriya da yawa a nan sun kasa cika kuɗin makaranta, wasu har aka dakatar da karatunsu. Ba na so ka ɗora karatunka a kan ribar da ba ta zo ba.

Kasuwar nan ma ba fili ba ce da babu kowa. Gini ce ta fi kowace ƙasa noman acca, kuma 'yan Senegal da Mali sun daɗe suna kawo tasu a gyare. Hausawa da 'yan Filato da suka san tuwon acca da gwate ba su da yawa a nan, da yawansu kuma 'yan'uwa ne ke yi musu tsaraba. Su ma hukumomin Turai ba sa wasa da abinci: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a ciki.

Saboda haka shawarata ita ce ka gwada sana'ar a gida, da ɗan abin da za ka iya jure asararsa. Da kaka, lokacin da acca take araha, ka sayi buhu biyu ko uku. Ka tsaya da kanka a wurin surfe da regaya da shanya, domin a nan ne sana'ar take rayuwa ko ta mutu. Ƙwayar acca ƙarama ce ƙwarai, yashi yana sajewa da ita, kuma matar da ta ci karo da yashi a tuwonta sau ɗaya ba za ta sake sayen kayanka ba, za ta ma gaya wa maƙwabta. Ka auna mudu nawa ka zuba, mudu nawa ya fito bayan gyara, domin wannan ragin shi ne abin da masu sabon jari suke mantawa da shi. Ka rubuta kuɗin dako, ladan masu regaya, leda da tambari, kuɗin mota daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi, har da ladan wahalarka kai kanka, tun da sana'ar da ba ta iya biyan mai ita ba za ta iya biyan ma'aikaci ba ranar da ka yi tafiya.

Daga nan ka kai kayan ga waɗanda ba su san ka ba. Abokai da dangi za su yaba, su saya don kunya, wannan kuwa ba shaida ba ce. Ka je wurin masu shaguna a Wuse da Garki da Utako a Abuja, da masu gidajen abinci, ka ji nawa za su saya, kuma kuɗi hannu ne ko sai kaya sun ƙare. Yawancin manyan kantuna ba sa biya nan take, kuma za su tambaye ka lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Abin da zan fi so in ji shi ne mutum nawa suka dawo karo na biyu da na uku ba tare da ka roƙe su ba. Ka kuma lura da yadda farashi yake tashi idan damina ta yi nisa, ka ga ko ribarka za ta tsira a lokacin, ko kuwa sai ka sayi na ajiya, wanda shi ma jari ne da zai kwanta wata da watanni. Kada ka ci bashin banki a kan gwaji; a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Bankin Najeriya kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari.

Rajista ba ta guduwa. Idan ciniki ya kankama, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta ishe ka farawa, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai duk ranar da bukata ta taso. Rajistar fitar da kaya a hukumar NEPC sai bayan an samu mai saye na haƙiƙa a waje, don ba a cinikin biri a sama.

Tambayar da ba ka taɓo ba ita ce wa zai riƙe sana'ar idan ka taho. Idan ba ka da amintaccen mutum da ya koyi aikin a gabanka, to ka zaɓi ɗaya a bana: ko karatu, ko acca. Ka yi shawara da Hajiya kafin ka taɓa kuɗin gadon. Bayan wata uku da fara gwajin, ka aiko mini da littafin lissafinka, mu duba shi tare layi bayan layi.

Wassalam, yayanka.