Amsa kan sauya daɓen tsohuwar mota da tsatsa ta ci

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗaga kafet ɗin motarka Ford Mustang ƙirar 1966 ka tarar tsatsa ta huda daɓen ta gefen direba, kana tambaya ko faci ya isa ko sai an sauya farantin ƙarfen daɓen gaba ɗaya. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da na sha gani shi ne ramin da ido ya gani ba shi ne iyakar ɓarnar ba. Ka ɗauki sukudireba ka bi kewayen ramin kana caccakawa. Duk inda ƙarfen ya lotsa ko ya zubo gari-gari, ya riga ya mutu. Idan ɓarnar ta kai wurin da kujera take ɗaure, ni ba na yarda da faci, domin nan ne nauyin mutum yake.

Kada ka sa giranda sai sabon farantin yana hannunka. Wannan mota ba ta da shasi daban, daɓen yana cikin abin da ke riƙe da bodin, saboda haka sai ka fara tokare bakin ƙofofin da sandunan ƙarfe, ka auna tazarar ƙofa ka rubuta, sannan ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan. Na ga motar da aka yanke gefe biyu lokaci guda, ƙofarta ba ta ƙara rufuwa daidai ba. Ka cire batir da tankin mai, ka janye bututun mai da na birki da wayoyi, ka kankare kwaltar da ke ƙarƙashi, domin tana kama wuta.

Tsofaffin ɗigon waldar kamfani huda su ake yi ɗaya bayan ɗaya, ba ɓamɓarewa ba. Kaurin farantin kusan milimita 1 ne, zafi kaɗan yake lanƙwasa shi, don haka mai walda ya riƙa ɗiga nan, ya tsallaka can, ya bari ya huce. Na fi son a haɗa sabon farantin da tsohon ƙarfen baki da baki, saboda idan aka ɗora wani kan wani, danshi yana samun maɓoya a tsakani. Bayan an goge, a shafa fenti na farko, a toshe layin haɗin sama da ƙasa.

Sai kuma ka nemo inda ruwan da ya jawo tsatsar yake shigowa. A irin wannan mota yawanci ta ramin shan iska ne da ke gaban gilashi, inda ganye ke taruwa ya ruɓe ya ci ƙarfen. Ka zuba ruwa a wurin, wani ya leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila, kafin ka mayar da kafet.