Hukuncin wasan karta na foka, da kuɗi ko babu kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokan karatuna muna buga wasan kartar nan da ake kira Texas Hold'em, wani nau'in foka, wani lokaci a ɗaki, wani lokaci a waya. Abin da kowa ke sawa bai taka kara ya karya ba. Wani a cikinmu ya ce ba caca ba ce, tunda lissafi da ƙwarewa ke aiki. Mene ne hukuncinsa? In kuma babu kuɗi fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa, don haka bari mu fara da yadda ake buga shi.

Karta 52 ake amfani da ita. Tun kafin a raba, mutum biyu da ke hagun mai rabawa dole su zuba kuɗi a tsakiya, alhali ba su ga komai ba. Sai a ba kowa karta biyu a kife. Daga nan a buɗe uku a tsakiya, waɗanda na kowa da kowa ne, a ƙara ta huɗu, a ƙara ta biyar. Zagaye huɗu ake yi na zubi: ko ka biya daidai da na gabanka, ko ka ƙara, ko ka ajiye kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. A ƙarshe wanda biyar ɗinsa cikin bakwai suka fi ƙarfi shi ke kwashe tarin. Wani ma da burga yake ci, ya yi ta ƙara kuɗi da kartar banza har kowa ya tsorata ya janye. Gidan caca ko manhajar kuwa la'adarsu suke yanka, ko wa ya ci.

To ɗana, ka duba da kyau. Kowa ya sa dukiyarsa, kowa yana tsakanin ya ci ko a cinye shi, kuma abin ya rataya ga kartar da ba a buɗe ba. Wannan ita ce cacar da Allah Ya haɗa da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya ce ku nisance ta. Ƙanƙantar kuɗin ba ta canja komai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Gayyata kawai ke nan, ba a ma kai ga zama ba.

Maganar abokinka tana da ƙanshin gaskiya, don gwani yakan fi ɗan koyo ci idan zama ya yi tsawo. Sai dai Shari'a ba ta rataya haramcin ga rashin gwaninta ba. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita sa kuɗi a gasa ga harbin kibiya da tseren raƙuma da na dawaki. Gwanintar ɗan foka kuwa, in ka tona, ita ce iya raba ɗan'uwansa da kuɗinsa ba da ciniki ko kyauta ba.

In babu kuɗi sam, a nan malamai suka saɓa. Da yawa sun hana, suna ƙiyasta karta da nardi, wato wasan allo da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo irin ta lido, wanda Muslim ya ruwaito cewa mai buga shi kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. A mazhabarmu ma Risala ta ce bai halatta a buga nardi ko shaɗaranji (wato wasan chess) ba. Wasu sun sauƙaƙa muddin bai shagaltar daga salla ba, bai jawo zagi da gaba ba. Ni dai a kan wannan wasan musamman ina ganin a bar shi, domin zubi shi ne ƙashin bayansa, kuma mai buga shi da ƙwandalar roba salon caca yake koya. Idan kuwa da kuɗi ake sayen ƙwandalolin manhajar, ko wanda aka cinye ne zai sayi shayi, an koma hukuncin farko.

Abin da ka ci a hannun abokanka ka mayar musu, tunda ka san su. Na waɗanda ba ka sani ba a intanet, ka ba talakawa ko ka sa a aikin al'umma da niyyar rabuwa da shi, tare da tuba.

Wallahu a'alam.