Ciwon muƙamuƙi: a je wajen mai gyaran ƙashi da hannu?

Malam, ka ce muƙamuƙinka yana ƙara yana ciwo gaban kunne in kana tauna, kana tambaya ko ka je wajen masu gyaran ƙashin baya da wuya da hannu. Ba laifi ka je, amma ka fara ganin likitan haƙori. Tausar naman muƙamuƙi da motsa shi a hankali kan rage ciwon, sai dai ba ta kawar da sanadinsa.

Sau da yawa sanadin shi ne cizon haƙora cikin barci. Abin da ya faru da ni ke nan: ana yi min tausa ina jin sauƙi, da safe ciwon ya dawo, sai da likita ya ba ni robar da ake sa wa haƙora da dare. Kafin nan ka ajiye cingam da goro da kilishi, ka riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In ka je wajen mai gyaran ƙashin, kada ka yarda a murɗe maka wuya da ƙarfi. Kuma in baki ya ƙi buɗewa, ko akwai kumburi da zazzaɓi, wuce asibiti kai tsaye.