In gyara tsohuwar Hilux ko in sayi wadda aka ƙara wa sifirin?

Wani ɗan kasuwar hatsi da ke ɗauko kaya daga kasuwannin ƙauye zuwa kasuwar Dawanau a Kano ya aiko da tambaya. Tsohuwar Hilux ɗinsa mai injin fetur ta fara hayaƙi da shan baƙin mai, bakanike ya ce gyaran zai ci naira miliyan 3. An kuma yi masa tayin wata a-kori-kura ta hannu a miliyan 8, an ƙara mata sifirin, an tsawaita bodi, mai ita ya ce tana ɗaukar buhu 20.

Alhaji, kafin a yi maganar inji, a fara duba shasi, wato ƙarfen da motar gaba ɗaya take zaune a kansa. A wanke ƙarƙashinta, a hau da ita rami, a bi ƙarfen da guduma daga gaba har baya, musamman inda sifirin baya yake kamawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji bif, wani lokaci ma ya faɗa ciki. Idan shasi ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko an yi masa walda a wurare da yawa, kada ka zuba miliyan 3 a motar nan. Ka sayar da ita yadda take. Idan kuwa lafiyarsa lau, duk sauran abubuwan ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna.

Sai hayaƙin. Mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, galibi ringi sun cinye ko robobin bawul sun mutu. Fari mai kauri, ga ruwan lagireto yana raguwa kullum, gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, sai a auna kan injin a ga ko zafi ya murɗe shi. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, wannan ba ya kai ga sauke inji. Ka sa a gwada matsin kowace silinda da agogon gwaji kafin kowa ya kama sifana. Da yawa ana sauke inji a banza saboda ba a yi wannan gwajin na rabin awa ba.

Kuɗin da bakanike ya faɗa, ka ɗora masa kashi ɗaya cikin uku, domin sai an buɗe ake ganin abin da ke ciki. Ka sa a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, ka je sayayyar da kanka ko ka tura ɗanka, kuma ka biya kuɗin aiki kashi-kashi. Ka lissafa har da haya: idan motar za ta yi sati 4 a gareji, nawa za ka biya masu mota su kawo maka kaya? Shi ya sa gyara irin wannan da damina ake yinsa, ba da kaka ba.

Yanzu ita wadda aka yi maka tayi, nan ne hankalina bai kwanta ba. Irin waɗannan motoci kamfani ya ƙera su ne don kaya kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 mai kilo 100. Ƙara sifirin yana hana bayan mota zama ƙasa, shi ke nan abin da yake yi. Birkin na tan ɗaya ne, haka boris ɗin ƙafar baya (ƙarfen da ƙafar take juyawa a kansa), da kuloci, da taya. Ka ɗora tan 2, boris zai riƙa zafi yana mutuwa, kuloci ya riƙa ƙonewa a hawa, birki kuma ya yi zafi ya daina kamawa sosai a gangara. Tsawaita bodi ya fi wannan muni: nauyi yana komawa bayan ƙafar baya, gaban mota ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, shasin kuma ya riƙa tsagewa daidai inda aka yi ƙarin. Kuma ka tuna, mai ita bai ƙara sifirin don ado ba. Motar ta riga ta yi shekaru tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta.

Idan duk da haka ranka yana kanta, ka je da naka bakanike, da sassafe, injin yana sanyi. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, a ga takardar kwastam ta asali, a tabbatar ba mai sitiyarin dama ba ce aka juya. Idan an sa mata iskar gas ta CNG, wadda mutane suka koma wa bayan cire tallafin fetur a 2023, a duba tukunyar: dole ta zama ta kamfani mai lamba da kwanan gwaji, domin matsin da ke ciki ya kai 200 a ma'aunin matsi na "bar", tukunyar walda ba ta iya riƙe shi. A ƙarshe a loda mata kaya a yi tafiyar kilomita 20, sannan a taɓa kowace ƙafa a ji zafinta.

Shawarata: idan shasinka lafiya yake, ka gyara taka. Ko gyaran ya kai miliyan 4, ka san tarihinta, ragowar miliyan 4 kuma ya zauna a hatsi yana juyawa. A fara da birki, sitiyari da taya, sai inji da lagireto, fenti ya jira. Idan kuwa littafinka ya nuna kusan kowace tafiya buhu 20 kake bukata, to motar da aka ƙera don hakan za ka nema, Canter ko Dyna mai taya biyu-biyu a baya, ko da za ka ƙara wata shida kana haya kafin kuɗin su cika.