Tambaya da Amsa: Baƙin allon nan ba dodo ba ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne a Gusau. Wata biyu ke nan da na saka Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, a kwamfutata, amma duk lokacin da na buɗe taminal, wato baƙin allon da ake rubuta umarni a ciki, sai kaina ya ɗaure. Na ga jerin umarni sun fi ɗari. Waɗanne ne ake amfani da su kullum? Ga kuma matsalar sabis da ke katse mini saukar da manyan fayiloli.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ajiye wancan jerin a gefe. Ni da na shekara da shekaru ina wannan aiki, waɗanda hannuna ke komawa gare su kullum ba su fi goma ba.

Mu fara da abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya. Daina saukar da babban fayil ta burauza. Rubuta wget -c sannan adireshin fayil ɗin. Wannan -c ɗin shi ne maganin: idan sabis ya ɗauke kana rabin hanya, ka sake buga umarnin, zai ɗora daga inda ya tsaya, muddin sabar, wato kwamfutar da kake saukewa daga gare ta, ta yarda da hakan, kuma yawancinsu sun yarda. Wanda yake sayen data da kuɗin aljihunsa ya san darajar wannan harafi ɗaya.

Ɗan'uwansa shi ne rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. In za ka kwafi kayanka zuwa filashi ko wata kwamfuta, rsync -avP yana duba abin da ya canja kaɗai ya kwafa, ba ya sake ɗaukar kaya tun daga farko. Sai dai ka kula da 'yar sandar nan / a ƙarshen sunan foldar da kake kwafa. In ka sa ta, abin da ke cikin foldar zai kwafa. In ba ka sa ba, foldar ce ɗungurungum za ta tafi.

Ranar da ka fara shiga sabar nesa da ssh, wato umarnin shiga wata kwamfuta daga nesa, buɗe tmux a can kan sabar tukuna kafin ka soma komai; shi ne ke riƙe maka aikin da kake yi a taminal. Ko intanet ta yanke, aikinka na can yana tafiya, ka dawo ka rubuta tmux attach ka same shi. Amma fa in a kan kwamfutarka kake, aka ɗauke wuta, batir ya mutu, tmux ba zai cece ka ba.

Wanda na fi ƙauna kuwa ba ma umarni ba ne. Danna Ctrl da R tare, ka rubuta guntun abin da ka tuna daga umarnin da ka buga makon jiya, sai ya fito maka da shi cikakke. Na daɗe ina rubuta umarni a bayan littafi kamar mai lissafin bashi kafin wani ya nuna mini wannan, har yau ina jin haushin lokacin da na ɓata.

Neman kalma a cikin tarin fayiloli aikin grep ne: grep -rn "kalma" . zai faɗa maka sunan fayil da lambar layi (ɗigon ƙarshen yana nufin foldar da kake ciki). Tsoho ne tukuf, Ken Thompson ne ya rubuta shi a Bell Labs tun farkon shekarun 1970, amma har yanzu bai gaji ba. In kuma wuri ya cika, df -h zai nuna saura nawa, du -sh * | sort -h kuma ya tona asirin foldar da ta cinye wurin.

Gargaɗi ɗaya: rm ba shi da kwandon shara, abin da ya goge ya tafi. Na taɓa barin tazara ɗaya kafin alamar tauraro (*), wadda in ta tsaya ita kaɗai take nufin fayilolin foldar baki ɗaya, aikin sati uku ya salwanta ina ji ina gani. Yanzu nakan fara buga ls da sunayen, in ga abin da zai tafi, sannan in mayar da ls ɗin rm. In wani umarni ya shige maka duhu, rubuta man da sunansa, ka danna q in ka gama karantawa.