Kanti a Tahoua, mai shi a Abijan: wa zai riƙe kalmar sirri?

Wani ɗan'uwa mai sana'a a Abijan ya rubuto cewa yana da kantin kayan gini a Tahoua, ƙanensa da yara biyu ne suke tsaronsa, kuma lissafin kaya da na bashi duk yana cikin rumbun bayanai na Microsoft Access a kwamfutar kantin. Yana so kowa ya riƙa shiga da sunansa ba tare da ƙanen ya ga an daina yarda da shi ba.

Alhaji, ka sa a duba ƙarshen sunan fayil ɗin tukuna. Idan .mdb ne, irin na Access 2003, ana iya yanka wa kowa suna da iyakar abin da zai taɓa. Idan kuwa .accdb ne, wanda ya zo da Access 2007, an cire wannan tsari, abin da ya saura shi ne kalmar sirri guda mai kulle fayil ɗin baki ɗaya, kuma duk wanda ya san ta zai ga komai.

Masu haɗa irin wannan manhaja sukan ƙera shafin shiga mai neman suna da kalmar sirri, amma shi kaɗai zana ne ba katanga ba, domin wanda ya danne maɓallin Shift lokacin buɗewa zai tsallake shi har ya kai ga lissafin, sai fa idan an toshe wannan hanya. Ka nemi mai haɗawar ya gwada haka a gaban ƙanenka. Sannan a buɗe wa kowa asusunsa na Windows, yaran kanti kada a ba su ikon shugaba, wato ikon canza komai a kwamfutar, a kuma sa manhajar ta riƙa rubuta sunan wanda ya canza adadi da lokacin da ya canza. Idan harka ta bunƙasa, SQL Server Express, wani rumbun bayanai na Microsoft, kyauta ne, kuma yana raba izini na gaske.

Game da ƙanenka, ka kira shi da kanka kafin a taɓa komai, ka nuna masa cewa ranar da buhun siminti goma ya ɓace a lissafi, sunan da ya fito shi ne zai wanke shi. Kalmar sirri ta shugaba ka riƙe ta, ka ajiye kwafinta cikin ambulan a wajen dattijon gida, ba a WhatsApp ba. Kuma tun da kuran kan ɗauke ana cikin aiki, hakan kuwa yana iya lalata fayil, a kwashe shi a kile (USB) kowace Juma'a, a kai shi gida.