Kwana Uku a Santambul Tare da Hajiya: Me Za a Gani, Me Za a Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekara huɗu ke nan ina zuwa Istanbul sarin tufafi, amma ban san ko'ina a garin ba sai shagunan Laleli da otal ɗin da nake sauka. A wannan karon zan tafi da Hajiya mahaifiyata da kuma uwargidana, na ware mana kwana uku na buɗe ido. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya. Waɗanne wurare ne ya kamata mu gani, kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa albarka a wannan tafiya.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, shekara huɗun nan da ka yi kana cinikin kaya a Laleli, a tsakiyar tsohon birnin kake tsaye ba ka sani ba. Garin da kakanninmu suke kira Santambul, wanda Rumawa suka kira Kustantiniyya, shi ne wannan tsirin ƙasa da ruwa ya kewaye ta ɓangare uku, kuma unguwar Laleli tana cikinsa. Yawancin abin da mutane suke biyan kuɗin jirgi daga nesa don su gani yana kan layin tiram (jirgin ƙasan cikin gari) na T1 da ke wucewa ta ƙofar shagunan da kake sari, tasha biyu zuwa biyar daga inda kake kwana. Saboda haka matsalarka ba ta nisa ba ce, ta zaɓi ce da ta tudu, domin an gina birnin a kan tuddai, titunansa na duwatsu ne, kuma gwiwar Hajiya ce za ta yanke muku yawan abin da za ku iya gani a rana. Shawarata ita ce babban wuri ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a tsara su a kan lokutan salla.

Ranaku ma suna da hukunci a tsarin. Fadar Topkapi ba ta buɗewa ran Talata, babbar kasuwar da ke rufe da rufi, wadda suke kira Kapalicarshi, tana hutu ran Lahadi, fadar Dolmabahce kuma ran Litinin.

Ku fara da Ayasofiya. Sarkin Rumawa Justiniyan ne ya gina ta a matsayin coci tsakanin shekarar 532 da 537, wato kafin haihuwar Manzon Allah (SAW) da shekara talatin da 'yan kai, kuma wannan lissafin kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi kubbarta, wadda ta yi tsayin kusan mita 55 daga ƙasa, faɗinta kuma kimanin mita 31. Da Sultan Muhammadu Alfatih ya ci birnin a ranar 29 ga Mayu, 1453, yana ɗan shekara 21, sai ya mayar da ita masallaci. Gwamnatin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, ta mayar da ita gidan tarihi da dokar 1934, sannan a watan Yulin 2020 aka koma yin salla a cikinta. Tun farkon 2024 an raba shigarta gida biyu: masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su hau bene, masu salla kuma suna shiga ƙasa kyauta. Ku je da alwala kafin azahar ku shiga tare da masallata, wanda hakan ya fi dacewa da Hajiya, tunda hawan benen ta wata gangara ce ta duwatsu mai wahalar da tsoho. Daga ƙasan za ku ga manyan allunan nan takwas masu da'ira, kowanne faɗinsa ya wuce mita bakwai, ɗauke da sunan Allah, da na Manzo, da na halifofi huɗu, da Hasan da Husaini, rubutun Mustafa Izzat na tsakiyar ƙarni na 19. Ka sanar da Hajiya tun a hanya cewa akwai sauran zanen Kiristoci a bango, irin wanda ake harhaɗawa da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, kuma wanda ke wajen alƙibla labule ake ja masa, don kada abin ya zo mata ba zato.

Masallacin Sultan Ahmad, wanda baƙi suke kira shuɗin masallaci, yana fuskantar Ayasofiya, fili ɗaya ne tsakaninsu. An fara shi a 1609, aka gama cikin kimanin shekara bakwai, yana da hasumiya shida da tayil fiye da dubu ashirin na garin Iznik a bangonsa. Ku shiga, domin kunya ce a ce an zo har nan ba a shiga ba, amma rabin sa'a ta isa. Kada ku saurari duk wanda ya tare ku a filin ya ce muku an rufe masallacin, ku zo ya nuna muku wani wuri kafin a buɗe, domin shagon darduma zai kai ku.

Masallacin da zan so ka ba wa lokaci shi ne Sulaimaniyya, kuma a nan ra'ayina ya saɓa wa na yawancin masu tsara wa baƙi tafiya. Babban magini Mimar Sinan ne ya gina wa Sultan Sulaiman shi tsakanin 1550 da 1557, kuma maginin shuɗin masallacin nan almajirinsa ne. Shuɗin masallaci yana burge ido da ado, shi kuwa Sulaimaniyya tsarinsa ne yake kama mutum: fili ɗaya mai haske, ginshiƙai huɗu ɗauke da kubba, ba cunkoso, ba hayaniyar masu ɗaukar hoto. Sinan ya tsara yadda iska za ta riƙa jan hayaƙin fitilun masallacin zuwa wani ɗaki da ke saman ƙofar shiga, inda ake tara baƙin hayaƙin a yi tawada da shi, abin da duk wanda ya taɓa dafa tawadar allo zai fahimta nan take. Ba masallaci kaɗai aka gina ba, an kewaye shi da makarantu, da asibiti, da ɗakin dafa abincin sadaka, da masaukin baƙi, duk a kan wakafi ɗaya. Kabarin Sulaiman da na matarsa Hurram suna makabartar da ke bayan alƙibla, shi kuwa Sinan nasa ɗan ƙarami ne a wata kusurwa a wajen katanga, mutane da yawa suna wucewa ba su lura ba. Daga farfajiyar da ke bayan masallacin ana hango Halic, wato reshen tekun da ya kutso gefen tsohon birnin, da mashigin Bosforus da ya raba Turai da Asiya, da gaɓar Asiya gaba ɗaya, kyauta, kuma akwai wurin zama. Daga Laleli tafiyar minti goma sha biyar ce da ƙafa, amma hawa ce, don haka ka ɗaukar wa Hajiya tasi har bakin ƙofa. Idan an idar da salla, a jerin tsofaffin ɗakunan da ke daura da masallacin akwai gidajen abinci da suka yi suna da dafaffen wake da shinkafa, abincin da bakin Bahaushe ba zai yi gardama da shi ba.

Fadar Topkapi tana cin rabin yini, kada ka haɗa ta da wani babban wuri a safiya ɗaya. A nan sarakunan Usmaniyya suka zauna kusan shekara ɗari huɗu, tun zamanin Alfatih har 1856 da suka koma Dolmabahce, kuma tun 1924 take gidan tarihi. Farfajiya huɗu ce a jere, kowace ta fi ta gabanta keɓanta, kamar yadda ake bin zaure bayan zaure a gidan sarauta. Abin da zai kai Hajiya can yana farfajiya ta uku, wato ɗakin amanoni masu alfarma, waɗanda aka fara kawowa bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517 kuma Sharifin Makka ya yi masa mubaya'a. A ciki akwai mayafi da takubba da baka da wasiƙa da gashin gemu da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW), da takubban halifofi da na wasu sahabbai, da tsofaffin makullan Ka'aba da indararonta. Mayafin yana cikin akwatin zinariya, akwatin ake gani ta bayan gilashi. Na ce "ake jinginawa" da gangan, domin ƙarfin isnadin kayan ba ɗaya ba ne. Makullan Ka'aba suna ɗauke da sunayen sarakunan da suka sa aka ƙera su, amma sandar da aka rubuta wa sunan Annabi Musa (AS) masana tarihi ba su gamsu da ita ba. Akwai alaramma da ke zaune a ɗakin yana karatun Alƙur'ani ba yankewa, ana canjin masu karatu, al'adar da ta samo asali tun zamanin sarakunan. Ku isa da buɗe ƙofa, ku zarce can kai tsaye kafin layi ya yi tsawo, sannan ku dawo baitulmali, inda lu'ulu'un nan mai nauyin karat 86 yake. Sashen matan fada yana da kyau ƙwarai, kuma na san uwargida za ta so shi, amma lunguna ne da matakala, don haka Hajiya ta zauna a inuwa ta sha shayi ku je ku dawo. Ka kuma kiyaye da wani ruɗani da ke ɓatar da baƙi: akwai tashar tiram mai suna Topkapi, amma tana can bakin ganuwar birni, nesa da fadar. Tashar fadar ita ce Sultanahmet ko Gulhane.

Ina kyautata zaton wurin da Hajiya za ta fi ba da labarinsa idan ta koma gida shi ne Ayyub Sultan, a can ƙarshen Halic. A nan kabarin sahabi Abu Ayyub Al'ansari yake, wanda taguwar Manzon Allah ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar da aka shiga Madina, Manzo ya sauka a wurinsa har aka gama ginin masallaci. Ya fito yaƙin Kustantiniyya a zamanin Mu'awiya yana tsoho tukuf, ya rasu a can, aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan cin birnin, malamin Alfatih, Shaihu Akshamsuddin, ya nuna wurin, aka gina masallaci a 1458, wanda ake gani yanzu kuma sabuntawar 1800 ce. A zamanin Usmaniyya, a nan ake rataya wa sabon sultan takobi, wanda shi ne naɗin sarautarsu. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu, kuma tiram ɗin T5 daga Eminonu, unguwar tashar jiragen ruwa, yana ajiye mutum kusa. Za ku ga iyalai sun kawo yara maza sanye da fararen kaya da alkyabba da sanda kamar 'ya'yan sarki, waɗannan masu shirin kaciya ne. Maza da mata kowa da ɓangarensa wajen yin sallama a kabarin, kuma asubahin Juma'a da ranakun hutu wurin yana cika maƙil, saboda haka hantsin ranar aiki ya fi muku.

Sai ruwa. Wanda ya zo Santambul bai hau jirgin fito ba, bayan garin ya gani, domin masallatan nan an jera su ne a kan tuddai don a gan su daga teku. Ba sai ka biya masu tallar yawon Bosforus da ke tare mutane a bakin gaɓa ba. Katin Istanbulkart da kake shiga tiram da shi, shi ne kuɗin jirgin da ma'aikata suke hawa daga Eminonu zuwa Uskudar, kuma kati ɗaya zai biya muku ku uku. Tafiyar ba ta wuce minti ashirin ba, a zaune, ana zagayawa da shayi a ƙananan kofunan gilashi, kuma a ƙarshenta Hajiya ta taka nahiyar Asiya bayan ta karya kumallo a Turai. Ku yi la'asar a masallacin Mihrimah da ke bakin tashar, shi ma aikin Sinan ne, ku dawo daidai faɗuwar rana. Idan da sauran ƙarfi wata rana, jirgin da ke bin mashigin zuwa arewa yana wucewa ta gaban ganuwar Rumeli, wadda Alfatih ya gina cikin kimanin wata huɗu a 1452 a inda mashigin ya fi ƙunci, don ya datse wa Rumawa agajin da ke zuwa daga Bahar Aswad.

Game da kasuwa ba ni zan koya maka ciniki ba. Kapalicarshi tana da shaguna kusan dubu huɗu, ta faro tun zamanin Alfatih, amma farashinta na baƙi ne, kuma kai da ka san kuɗin sari ranka ne kawai zai ɓaci. Ku ratsa ta don kallo, tsarabar kuwa ku yi ta a Kasuwar Masar da ke Eminonu, ginin shekarun 1660, wadda ta fi ƙanƙanta kuma ba hawa: alewar lokum, da busasshen ɓaure, da kayan ƙamshi, da habbatus sauda. Lungunan da ke bayanta, inda 'yan gari suke saye, sun fi cikinta araha.

Abin da za ku bari ba tare da nadama ba: hasumiyar Galata ta 1348, saboda tudu da dogon layi da kuɗin shiga, alhali abin da za a hango daga samanta kun riga kun gan shi daga Sulaimaniyya, da titin Istiklal, wanda shaguna ne da turmutsutsu, da Dolmabahce, sai fa idan uwargida tana son ganin fitilun kiristal da kujerun Turawa. Rijiyar ƙarƙashin ƙasa ta Yerebatan, mai ginshiƙai 336, tana dab da Ayasofiya kuma ta cancanci gani, amma matakalarta da danshinta ba na mai ciwon gwiwa ba ne, kai da uwargida ku leƙa ta lokacin da Hajiya take hutawa. Ka tafi mata da kujerar salla mai naɗewa da takalmi mai taushin tafi wanda ake zarewa ba sai an sunkuya ba, da leda ta zuba shi, domin a kowane masallaci mutum da takalminsa yake shiga a hannu.